Wata Tamanin

Ni ce na kawo maganar wata tamanin gidanmu. Da bakina na faɗe ta, ina murna kamar wadda ta zo da tsaraba, kuma da ana mayar da magana ciki, da tuni na haɗiye ta ko da za ta shaƙe ni.

Mu biyu Mma ta haifa muka rayu, ni da ƙanena, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Auta take ce masa, unguwa ma ta kama. Ni hatsi nake sayarwa a kasuwar Aboabo a nan Tamale, shi kuma dako yake yi da motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwati a baya. Daga tasha zuwa duk inda aka ce ya kai: masara, gawayi, kwanon rufi, wata rana har akuya. Ba zan ce waliyyi ba ne. Na sha jin warin hayaƙi a rigarsa, na sha zaginsa a kai, ya yi dariya ya ce hancina ya fi na kare. Amma shan abu daban, safararsa daban.

Bayan bikin wutar Dagomba na watan Muharram da 'yan kwanaki, wani mutum a tasha ya ɗora masa buhu uku ya ce ya kai unguwar Kukuo, wai ganyen kuka ne, shi zai biyo baya a kan babur. 'Yan sanda suka tare shi a hanya suka farke buhu. Sama ganyen kuka, ƙasa wiwi. Mai kaya kuwa ko ƙurarsa ba a sake gani ba. Ko Auta ya san abin da ke ciki, ko ya yi zargi ya kawar da kai, ban sani ba. Ya rantse mini bai sani ba, na karɓa, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Kotu ta zauna ranar biyu ga watan Safar. Na je, Mma ba ta je ba, ta ce ƙafarta ba ta taɓa taka kotu ba kuma ba za ta fara da furfura ba. Ba mu da lauya, don wa ya gaya mana tun ranar farko ake zuwa da shi? Mun zaci za a tambaye shi, ya yi bayani, a tafi neman mai kaya. Aka tambaye shi yaren da yake ji, ya ce Hausa. Yana jin Dagbanci sarai, da shi yake ciniki kullum, amma tsoro ya mayar da shi harshen cikin gida. Da ya ce Dagbanci, wataƙila da ba na wannan rubutun.

Tafintan wani dattijo ne Badagombe mai Hausar kasuwa. Akawu ya karanta tuhuma da Turanci, doguwa, shi kuwa ya dunƙule ta wuri guda ya jefa wa Auta.

"Kai, ka ɗauka kaya nan, ko ba ka ɗauka ba?"

Auta ya ce, "Na ɗauka, amma na ɗauka kuka ce."

Duk Bahaushe ya san ɗauka biyu ce a nan, ta farko da hannu, ta biyu da zuciya. Tafinta guda ɗaya ya sani. Ya juya ya gaya wa alƙali cewa wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa, har sau biyu ma. Turancina ba mai yawa ba ne, aji shida na tsaya, amma wannan kam na ji shi. Na miƙe ina cewa ba haka ya ce ba, wani ɗan sanda ya daka mini tsawa ya ce in zauna ko in fita. Na zauna. Har gobe ina jin haushin kaina a kan zaman nan. Alƙali ya yi rubutu, ya ce doka ba ta ba shi damar yin ƙasa da shekara goma ba. Duka-duka ba a kai lokacin da tuwo yake nuna ba.

Da na je ziyara ta farko, wani gandiroba mai furfura ya ga yadda nake kuka a bakin ƙofa, ya kira ni gefe. Ya ce in daina kashe kaina, shekara goma ta gidan yari ba goma ba ce. Wanda ya zauna lafiya bai yi faɗa ba, ana yafe masa kashi ɗaya cikin uku. Ya lissafa da yatsunsa, shekara shida da wata takwas, ya ce wata tamanin ke nan. Ban tsaya ko'ina ba sai gida. Na tarar da Mma a kan tabarma tana jan carbi, na ce mata ba goma ba ce, wata tamanin ne kawai.

Ta ci gaba da jan carbinta. Washegari ta aika a sayo mata dabino, ta raba wa mutanen gida ta ce kowa ya ci ya dawo mata da ƙwallon. Ta wanke, ta shanya, ta ƙirga tamanin ta zuba a wani tsohon gwangwanin madara. Daga nan duk magaribar da aka ce an ga wata, sai ta ɗauki ƙwallo ɗaya, ta yi bismilla, ta wurga shi bayan katanga. Ta yi nata lissafin ta ce ƙwallon ƙarshe zai faɗa a watan Ƙaramar Sallah, Auta zai ci tuwon Sallah a gida. Na ce in sha Allahu. Ko kusa ban ga abin da ke ɓoye a cikin maganar ba, ni da nake taƙama na je makaranta.

A lokacin hankalina yana wurin afil. Kowa ya zo jaje sai ya ce mu yi afil. Na tambayi wani mai shago kusa da rumfata mene ne afil ɗin nan, ya ce ai roƙo ne, haka kalmar take a Turanci. To roƙo kuma wa zai koya mana? Na sayi goro, na ja mijina, muka fara zagaye. Muka je wurin liman, muka je wurin sarkin zango, muka je gidan wani Alhaji da aka ce yana cin abinci da manya. Kowa ya karɓi goro ya yi addu'a ya ce zai yi magana. Sati bakwai muna durƙuso a zaurukan mutane. Sai da wata ma'aikaciyar asibiti mai sayen gero a wurina ta riƙe baki ta ce ba haka ake yi ba, takarda ce lauya yake kaiwa babbar kotu, kuma tana da wa'adi.

Wa'adin ya wuce muna rabon goro. Lauyan da muka samu, wani siririn mutum mai haƙuri, ya ce yanzu sai an fara roƙon kotu ta yarda a shigo a makare, kafin a zo kan maganar kanta. Ashe dai akwai roƙon, ƙofa muka ɓata. Ba ya jin Hausa, sai da na yi masa wasan kwaikwayo. Na ɗaga wayarsa daga kan tebur na ce na ɗauka. Na ajiye, na dafa kaina na ce na ɗauka. Ya yi dariya, can kuma dariyar ta tsaya, ya jawo takarda ya fara rubutu. Ya ce magana ce mai ƙarfi, amma kotu ba ta ji da kunne, abin da aka rubuta ran nan shi take karantawa. In tafintan zai rantse a takarda cewa ya yi kuskure, to akwai hanya.

Na nemo gidansa. A Kukuo yake, can ƙarshen gari inda gidaje suke haɗuwa da gonaki, unguwar da aka ce Auta ya kai buhunan nan. Na same shi yana ɓare gyaɗa a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi da Dagbanci yadda ake gaida babba, na yi masa bayani a hankali. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi mutum nawa ya yi wa tafinta, ba zai tuna ba. Ya ce Hausa ba a nono ya sha ta ba, a kasuwa ya tsince ta, kuma ba shi ya ce a sa shi ba, ran nan mai Hausar ne bai zo ba. In ya sa hannu a takarda cewa ya yi kuskure, wa zai ciyar da iyalinsa? A nan ladabina ya ƙare. Na ce masa Allah ya isa, na ce masa abubuwan da ba a gaya wa sa'an uba, har matansa suka fito. Bai rama ba. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Na fi son da ya zage ni.

Afil ɗin ya ci shekara biyu da rabi. Yau ba a gama buga bayanan ƙaramar kotu ba, gobe lauyan gwamnati bai zo ba, jibi alƙali ya tafi hutu, gata an sauya alƙalin an kawo sabo. Duk ranar kotu in rufe rumfa, in hau yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, in je in zauna a benci tun safe, a kira lamba, a yi magana ta minti biyu, a sa wata rana. In na dawo Mma ba ta tambaya, kallona kawai take yi, ni kuma in ce an ɗaga. Kalmar ta zauna a gidan har jikoki suka mayar da ita wasa, in an ce su yi wanka su ce an ɗaga.

Ranar da aka yanke, alƙalin babbar kotu ya ce takarda ta nuna an karanta masa tuhuma a yaren da ya zaɓa da kansa, kuma ya amsa. Abin da ya faɗa da Hausa babu shi a ko'ina, ba wanda ya rubuta. Hukuncin kuma shi ne mafi ƙanƙanta da doka ta tanada, babu abin ragewa. Lauya ya riƙe hannuna a waje yana ba ni haƙuri, ya ce akwai kotun gaba amma shi ba zai yaudare ni ba. Na yi tafiya da ƙafa tun daga can har Aboabo, rana tsaka, babura suna ta yi mini ham. Na shiga gida, Mma ta ɗago kai ta dube ni. Na ce an ɗaga.

A wurin Mma na koyi irin wannan ƙarya, ba ina neman wanke kaina ba ne. Mu a zango ba a gaya wa tsoho mugun labari kai tsaye. Lokacin da ɗan maƙwabciyarmu ya mutu a hamada a hanyar neman kuɗi, Mma ce ta tsara yadda za a yi da uwarsa. Aka ce wayarsa ta ɓace. Aka ce ba shi da lafiya. Aka ce an kai shi wani gari mai nisa. Har wani aka samo ya kira ta a waya ya gaishe ta da sunan ɗanta. Wata biyar ana jan tsohuwar a hankali kafin liman ya zo ya zauna ya fara da cewa dukkanmu na Allah ne. Mma tana ganin wannan jinƙai ne, ni ma haka na gani.

Wata goma sha huɗu ina cewa an ɗaga. Ina saka ranar kotu da kaina, in yi wanka in fita, in je in zauna a rumfar wata ƙawata har azahar. A cikin haka aka kwashe fursunoni masu dogon hukunci aka kai kudu saboda cunkoso, har da Auta, tafiyar yini guda cur a mota. Wannan kam na gaya mata, don abincin da take dafa masa duk Juma'a ba shi da inda za shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata mata ta zo barkar haihuwa gidanmu, ta zauna kusa da Mma, ta ce ai tun da afil ɗin nan ya faɗi bara take son zuwa jaje Allah bai yi ba. Ina tsakar gida ina kwasar tuwo na ji. Na so ƙasa ta tsage.

Mma ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Da baƙi suka watse ta kira ni, ta jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado ta girgiza shi.

"Ke da kotunku ku yi ta ɗagawa," in ji ta. "Wata ba ya ɗagawa. Wata ba ya yi mini ƙarya."

Daga ran nan ba ta sake tambayata komai game da Auta ba. In na dawo daga kudu na ce yana gaishe ta, sai ta ce tana amsawa, shi ke nan. Aka yi ta magana a rediyo cewa za a fara sakin fursunoni kafin lokacinsu a kan sharaɗi, in sun nuna hali na gari. Na je na tambaya, aka ce ana kan shiri. Aka ce dokar ƙwayoyi ta canza, na koma wurin lauya, ya ce ba ta waiwayi irin su Auta ba. Aka yi afuwa, na bi sunaye da yatsa, babu nasa. Duk wannan ni kaɗai na sha, ko na kawo mata ba ta karɓa. Gwangwaninta kawai ta riƙe.

A shekara ta biyar hawan jini ya kayar da ita a banɗaki, ɓarin dama ya mutu. Ta daina tafiya, ji ya ragu, ido ma ya fara hazo. Hankalinta kuwa garau, ya fi nawa. In an ga wata ni nake tayar da ita zaune, in sa mata ƙwallon a hannun hagu, in riƙe hannun mu wurga tare ta taga. Likita ya gaya mini a gefe cewa zuciyarta ta gaji, shi kansa yana mamakin abin da yake riƙe da ita. Ni na san abin da yake riƙe da ita, ina jin ƙararsa duk lokacin da na share ƙarƙashin gado, kuma ƙarar tana raguwa.

A watan Sha'aban na ƙarshe na tafi kudu don in ji yadda za a yi ranar fita. Saura ƙwallo biyu a gwangwani. Wani ofisa ya buɗe fayil ya nuna mini ranar, an rubuta ta da jan biro. Na duba, na sake dubawa, na ciro wayata na buɗe kalanda. Ranar ba ta faɗa a Ƙaramar Sallah ba. Ta wuce ta, ta wuce watan da ke bin ta, ta sauka kwana huɗu bayan Babbar Sallah. Na ce masa an yi kuskure, wata tamanin aka ce mana. Ya ce wata tamanin ne, ya ƙirga mini a kalandar bango, Janairu, Fabrairu, har ƙarshe. A nan na gane. Watan gwamnati daban, watan sama daban. Namu yana gaza nasu da kwana ɗaya, wani da biyu, abin da ba ka ji a jikinka. A wata tamanin ya taru ya zama kwana saba'in da biyu. Kowace shekara ina ganin azumi yana matsowa gaba, kowa ya san wannan, amma ban taɓa haɗa shi da gwangwanin Mma ba.

Na roƙi ofisan, na ce uwarsa tana bakin kabari. Ya ce ya tausaya, amma ko kwana ɗaya ba shi da ikon cirewa. Auta da na gaya masa sai ya yi dariya, ya ce wanda ya yi shekara shida kwana saba'in ba za su kashe shi ba. Ya rame, haƙoransa biyu na gaba sun zube, tari ya cinye masa murya har sai na kanga kunne nake jin sa. Ya ce in gaya wa Mma ta ajiye masa naman layya.

Na dawo da niyyar in faɗa mata ran nan. Na tarar ta sa an yi wa ɗakinsa fenti, an sayo yadi an kai wa tela da tsohuwar rigarsa don awo. Na ce bari azumi ya kama. Azumi ya kama na ce bari a sha ruwa goma. Ta dage sai ta yi azumin duk da likita ya hana, tana cewa na godiya ne. Kullum in buɗe baki in rufe. Tsoro ne, ba wani jinƙai, yanzu na san bambancinsu.

Ranar ashirin da tara ga azumi da magariba aka ce an ga wata. Unguwa ta ɗauki hayaniya, babura suna ta gudu. Mma ta miƙo hannun hagu, na sa mata ƙwallon ƙarshe, muka wurga. Ta ce gobe da wace mota zai iso. Na durƙusa a gaban gadon na gaya mata komai, da ƙarfi saboda kunnenta: watan Turawa, watan Musulunci, kwana saba'in da biyu, bayan Babbar Sallah. Na kawo kalanda na kai kusa da idonta. Ta bar ni na gama.

"An ɗaga ke nan," ta ce.

Na ce ba ɗagawa ba ce, lissafi ne, na rantse da Allah. Ta lumshe ido. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ba tare da kuka ba.

"Yaushe ya rasu?"

Na yi rantsuwar duniyar nan. Na kawo mijina ya yi mata bayani, ta ce Allah ya yi masa albarka. Na kawo liman, kuma wannan shi ne babban kuskurena, don tana ganin liman a bakin ƙofa ta fara salati. Ya ce mata Auta yana raye, ta ce ta gode, ta san yadda ake yi. Ta lissafa mini da kanta: an kai shi gari mai nisa, an ce yana tari, yanzu an ƙara kwanaki. Ta ce ita ta koya mini wannan karatun, ba zan karanta mata shi ba. Gani ya kori ji, to ita ba ta iya zuwa, shi ba ya iya fitowa, hoto kuma ba a yarda a ɗauka a can ba.

Da ƙyar da roƙo na samu aka ba shi waya wata Laraba da hantsi. Na ƙure ƙarar na manna mata a kunnen da ya fi ji. Ina jin sa yana cewa Mma, Mma, ni ne, da muryar nan tasa da ta dushe, iska tana fita ta gurbin haƙora, tari yana yanke shi. Shekarun kudu sun sa Turanci da Tuwi, yaren mutanen can, suna faɗo masa a baki ba da saninsa ba. Ya ce saura kaɗan. Ta saurara, fuskarta ba ta motsa ba, ta ce to, to, Allah ya yi albarka. Ta kawar da kai daga wayar.

"Ki sallami bawan Allahn nan," ta ce mini. "Ya yi ƙoƙari."

Ta sa aka soya masar sadaka aka raba, irin wadda ake yi wa mamaci. Na hana, ta kira maƙwabta suka yi mata, suna kallona da tausayi, wasu ma na ga alamar sun fara yarda da ita. Da kwana arba'in suka cika daga Sallah ta sake sawa aka yi. Sabuwar rigar da aka ɗinka ta ba ladan. Ta daina tambayar wata. Abinci sai cokali biyu, ta ce ya ishe ta. Na yi kuka, na yi faɗa, wata rana har na ɗaga mata murya na ce za ta kashe kanta a kan taurin kai, saura kwana ashirin, ashirin kawai. Ta dube ni yadda ake duban yaro mai rigima. Abin da yake riƙe da ita na riga na taya ta wurgar da shi ta taga.

Ranar shida ga watan Babbar Sallah, bayan azahar, ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa, ta ce in matso. Ta dafa kaina da hannun hagu.

"Na yafe miki," in ji ta. "Na san don kar hankalina ya tashi kika ɓoye. Kin kyauta. Ni ma haka zan yi."

Na ce Mma yana raye, wallahi yana raye. Ta ce to. Kafin la'asar ta cika. An yafe mini ƙarya da yawa a rayuwata, amma wannan yafiyar ita ce ba ta bar ni na yi barci mai daɗi ba har yau, don a kan gaskiya aka yi mini ita.

Ban aika wa Auta ba. Na ce mene ne amfanin, kwana takwas ne. Na san sunan abin da na yi, ba sai an gaya mini ba. Ya iso Tamale kwana biyar bayan layya, da safe, da 'yar jakar leda. Na tare shi a tasha, muka hau yalo-yalo, yana ta kallon sababbin gine-gine yana cewa gari ya canza. Ya buɗe jakar ya nuna mini takalmin da ya ɗinka mata da hannunsa a can, mai laushi, na mai ciwon ƙafa. Na ce ya yi kyau. Da muka shigo layinmu ya ga kujerun roba a jere jikin katanga da tabarmi a naɗe, na sadakar bakwai da ba a riga an mayar ba. Bai tambaye ni ba. Ya sauka, ya tsaya, ledar tana hannunsa.

Mijina ya raka shi maƙabarta. Da suka dawo ya wuce ɗakinta ya zauna a bakin gado, na bi shi da ruwa. Ƙafarsa ta taɓa gwangwanin, ya jawo shi ya duba ciki, ya tambayi na mene ne. Na ce na dabino ne. Ya mayar da shi inda yake. Ya ce ran nan a waya bai ji ta sosai ba, layin ba shi da kyau. Ya yi tari, ya goge baki, ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, ta dai san ina tafe ko?"

Na ce, "Ta sani."

Har yau abin da ya sani ke nan.